Ruwan Mai Azumi

Ragon Liman Abdussalam ne ya fara. Da hantsi aka gan shi a bakin masallacin unguwarmu Titirou yana tangaɗi kamar wanda ya kwana a gidan burkutu, mutane na ta dariya. Washegari dariya ta ƙare, don an same shi a miƙe, ya mutu mushe ko wuƙa ba a samu sa masa ba. Kafin a gama jimami sai ga awaki biyu na maƙwabta sun bi shi, su ma da tangaɗin suka fara.

Likitan dabbobi ya zo ya farke cikin ragon, ya ce ƙoda ta lalace, guba ce, amma bai san wace iri ba. Mutanen unguwarmu kuwa ba sa buƙatar sanin iri. Kalmar guba kaɗai ta ishe su, sauran su ƙarasa da kansu.

Safiyatu mai awara suka ƙarasa da ita. Bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗaki biyu da kasko. A ƙofar gida take shanya waken suya, ragon Liman kuma ya mai da shanyar tamkar gonar ubansa. Makon da ya wuce ya cinye mata kusan rabi, ta fito da muciya tana ihu: "Wata rana sai kun ci abin da zai kashe ku!" Waɗanda suka ji sun ji. Waɗanda ba su ji ba ma yanzu rantsuwa suke a gabansu aka yi.

Ba a doke ta ba, abin da aka yi mata ya fi duka. Ta soya awara da safe, ba wanda ya tsaya. Mata suka riƙa jan hannun 'ya'yansu suna kewaye ƙofarta. Mai unguwa ya ce idan har Juma'a ba a gano wani ba, zai miƙa ta kwamisariya wurin 'yan sanda, kuma ko an sako ta, gara ta nemi wata unguwar. Liman ne kaɗai zuciyarsa ba ta kwanta ba, duk da ragon nasa ne. Shi ya aika ƙauyen Tourou a kira Labbo.

Labbo tsohon mai bin sawu ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanun sata daga nan har dazukan iyaka, kuma har yau idan yana magana da kai ƙafarka yake kallo. Yana da wani hali mai ban haushi, ka yi masa tambaya ya yi shiru har ka manta ka yi, sannan ya amsa.

Ya iso ya tarar ruwan damina ya riga shi. An yi mamako da asuba, titi ya wanku tas, ko sawun kaza babu.

*

Ya fara da Safiyatu. Ya same ta zaune gaban tire cike da awara da ta huce, idanunta sun kumbura.

"Kin faɗi maganar?" ya tambaye ta.

"Na faɗa, Baba. Da bakina na faɗa. Wa aka cinye wa jari ya yi shiru?"

"Kina ajiye maganin ɓera?"

"Ku shiga ku duba. Kowa ya riga ya shiga, har ƙarƙashin katifata an ɗaga."

Bai shiga ba. Ya tambaye ta ina ragon ke nufa idan ta kore shi. Ta nuna da haɓa.

"Rumfar Alhaji Abdulrashid. Can suke fakewa idan hadari ya taso, shi da awakin."

Labbo ya ɗauki awara guda ya jefa a baki. Safiyatu ta bi hannunsa da kallo har ya haɗiye, sai kawai ta fashe da kuka, domin tun ranar da ragon ya mutu babu mahaluƙin da ya taɓa tirenta.

*

Alhaji Abdulrashid ɗan gidan fatake ne da suka daɗe a Parakou, sana'arsa masara da ƙwallon kashu. Mutumin kirki ne, ba mai musun wannan, sai dai yana son a san shi ne na farko a komai. Shi ya fara kawo motar lantarki unguwar, daga Kwatano, fara sol. Ranar da ta iso ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa jama'a, "Wannan ba ta shan mai, ba ta shan ruwa. Kuran kawai, wutar lantarki, a jona ta a bango." Ya maimaita zancen a gidan suna, ya maimaita a jana'iza, har aka laƙaba wa motar suna Mai Azumi. Sunan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Labbo ya same shi a kan kujerar roba a ƙofar gida, sandarsa a jingine da cinya. Shekaru ke nan gwiwa ta hana shi durƙusawa, ko salla a kujera yake yi a ƙarshen sahu.

"Sannu da zuwa, Labbo. Aikin banza aka ɗora maka. Matar nan ta faɗa da bakinta."

"Ta faɗa. Ina motar?"

"Zailani ya tafi da ita Djougou kai kaya. Me ya haɗa mota da rago?"

"Inuwa," in ji Labbo.

Rumfar kwano ce a gefen ɗakin ajiyar masara, buɗe ta gaba, ƙasanta yashi. Nan kaɗai ruwan sama bai taɓa ba. Labbo ya tsuguna a bakinta ya daɗe. Ga sawun taya, ga kofaton rago da na awaki sun shiga sun fita. A tsakiyar inda mota ke tsayawa akwai wani zagaye a yashi kamar gindin kwano, da wani dogon layi da ya taho daga wajen har zagayen, da wasu ƙananan tabo a gefe. Kiyashi kuwa sun yi cincirindo a wurin, yashin ya yi ja-ja. Ya dangwala yatsa ya taɓa a harshe, ya tofar. Zaƙi ne.

Ransa ya ɓaci. Wanda ya haɗa guba da sukari ya san abin da yake yi, kuma wurin da akuya ta kai baki, ɗan da ke rarrafe ma zai kai.

Ja da zaƙi a gidan Alhaji, kowa ya san na Munira ne, 'yarsa da ke haɗa zoɓo tana ƙullawa a leda. Aka kira ta, ta fito hannunta jajir.

"Kin zubar da zoɓo a rumfa?"

"Ni? Baba Labbo, ko kusa da rumfar ba a bari mu je. Baba ya ce numfashinmu ma zai dusashe fentin." Ta yi dariya, ta ga ba mai taya ta, ta daina. "Idan mai jin haushin ragon kuke nema, ku tambayi Yaya Zailani. Ragon ya ga kansa a ƙofar motar ya ɗauka wani ragon ne, ya kai mata karo har ta lotsa. Yaya ya rantse sai ya ga bayansa."

"Munira, shiga gida," in ji Alhaji, da ƙarfin da maganar ba ta kai ba.

Kafin azahar zancen ya zagaye unguwa, aka rabu biyu, masu cewa Safiyatu da masu cewa Zailani. Labbo ya nufi tasha ya shiga motar Djougou.

*

Bai kai Djougou a motar hayar ba. Wajen garin Onklou ya hango farar mota a gindin mangwaro a gefen titi, wani saurayi zaune a kan dutse ya yi tagumi. Ya ce a sauke shi.

Zailani ɗan ƙanwar Alhaji ne, shi ke tuƙa Mai Azumi. Da ya ga Labbo sai ya miƙe zumbur, don Munira ta riga ta buga masa waya.

"Wallahi, Baba, ban taɓa ragon nan ba. Na yi rantsuwa, amma ta fushi ce."

"Kowa a unguwarku da fushi yake rantsuwa. Me ya sami motar?"

"Jar fitila ta kama, sai hoton kunkuru ya fito a gaban sitiyari, ta dinga rage gudu har ta tsaya. Ta yi mini haka shekaranjiya, na gaya wa Kawu, ya ce sabon shiga ne ke damuna. Na kira Usaini makanike daga Djougou, yana hanya. Idan Kawu ya ji na kira makanike, na shiga uku."

Labbo ya kwanta rub da ciki a kan tsakuwa ya leƙa ƙarƙashin motar. Kiyashin Onklou ba su san na Titirou ba, amma ga su sun yi layi zuwa wuri guda. Yana kallo wani ɗigo ja ya taru a jikin ƙarfe, ya yi nauyi, ya faɗo.

"Motarka tana fitsari," ya ce.

"C'est pas possible, ba zai yiwu ba, Baba. Ba ruwa a cikinta. Mai Azumi ce."

"To azuminta ya karye."

*

Aka ja ta zuwa garejin Usaini a Djougou. Usaini a Kwatano ya koyi irin waɗannan motoci, kuma da ya ji sunan motar sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Duk haka suke cewa. Baba, batirin nan zafi yake ɗauka kamar mutum a rana. Akwai ruwa na musamman da ke zagaya shi ta cikin tiyo yana sanyaya shi. Idan ruwan ya ragu, motar da kanta take rage gudu don kada batirin ya ƙone. Da an ci gaba da matsa mata, da yanzu wani zancen ake."

Ya sa safar roba ya katse wutar motar tukuna, ya gargaɗe su kada kowa ya taɓa wayoyi masu launin ruwan lemo. Sannan ya buɗe gaban motar ya nuna musu wata 'yar tankin roba, ruwan cikinta ya kusa ƙarewa. Ya ɗaura famfo a bakinta ya hura iska, allurar ma'auni ta hau, ta fara saukowa a hankali. Ya ɗaga motar ya bi tiyo da tocila, taku-taku, yadda Labbo ke bin saniya. A can ƙasa, inda tiyon ya lanƙwasa, ruwa na tsartuwa siriri.

"An yanka ne?" Zailani ya tambaya.

Labbo ya karɓi tocilar ya duba. "An yanka. Da haƙora biyu. Ɓeran ɗakin masara ne."

"Zaƙin ke jawo su," in ji Usaini. "Ruwan nan kamar sukari yake a baki, amma dafi ne. Kare ya lashi kaɗan, sai ya fara tangaɗi, kwana ɗaya biyu ƙoda ta tsaya."

Zailani ya sauke ajiyar zuciya. "Ke nan ba laifin kowa. Ya ɗiga a ƙasa, suka lasa."

"Yashi ke shanye ɗigo," in ji Labbo. "Rago ba ya mutuwa da lasar yashi."

Usaini ya zare tankin ya juye ragowar a farin bokiti, ya tsaya yana kallo. Akwai yashi a gindin, da jar ƙasa irin ta ruwan rijiya, da wani farin gashi guntu yana yawo a kai.

"Kai, wa ke ƙara mata ruwa?" ya tambayi Zailani. "Wani yana tarar abin da ya zuba yana mayarwa, yana cikawa da ruwan rijiya."

"Ni ko yadda ake buɗe gaban ban sani ba. Kawu ya hana."

Labbo ya tsame gashin ya naɗe a bakin rawaninsa. Usaini ya yanke tiyon da ɓera ya ci ya sa sabo, ya ɗaure da maɗauri, ya wanke hanyar ruwan, ya zuba sabon ruwa, ya fitar da iskar da ta shiga. Ya sake hura famfo, allura ta tsaya cak. Motar ta warke. Labbo kuwa tun daga Djougou har Parakou titi kawai yake kallo, don ya riga ya san abin da ba ya so ya sani.

*

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a rumfar Alhaji, Labbo ne ya zaɓi wurin. Ya sa an kewaye yashin da igiya tun ranar farko. Ga Liman, ga mai unguwa, ga Zailani da Munira, ga masu awaki, ga Alhaji a kujerarsa. Safiyatu ta zo da tirenta a ka, don ta ce ba za ta bar shi a gida a ce ta ɓoye wani abu ba.

Labbo ya ɗaga guntun tiyon ya nuna haƙoran ɓera, ya faɗi abin da Usaini ya faɗa. Jama'a suka ɗauki salati. Wani ya ce ashe Mai Azumi tana sha a ɓoye, aka fara dariya.

"Ban gama ba," in ji Labbo. "Ɓera ba ya ajiye kwano. Ku dubi zagayen nan. Wani ya ga motar tana ɗiga, ya sa kwano yana tara, da safe ya mayar mata. Ranar da hadari ya taso, dabbobi suka shigo fakewa suka tarar da kwanon zaƙi. Suka sha. Abin da suka rage aka mayar cikin mota, ga gashin ragon Liman a ciki."

Idanu suka koma kan Zailani. Ya buɗe baki, Labbo ya ɗaga masa hannu.

"Zailani, idan za ka sa kwano a ƙarƙashin mota, yaya za ka yi?"

"In durƙusa in tura."

"Haka Munira za ta yi, haka Safiyatu, haka ni da tsufana. Ku duba yashin nan, babu gwiwa ko ɗaya, babu tafin hannu. Ga layin da kwanon ya bi, daga tsaye aka tura shi, daga tsaye aka jawo shi. Waɗannan ƙananan tabon kuma robar gindin sanda ce."

Ba wanda ya juya, amma kowa ya san inda ba ya kallo. Sandar Alhaji tana nan jingine da cinyarsa.

Sai Munira ta ce, "Baba?" a hankali.

Alhaji ya share fuska da hannu. "Na ɗauka ruwa ne kawai. Na ce in lallaɓa har in sami mai gyara daga Kwatano, ba wanda ya ji. Da bakina na cika gari cewa ba ta shan ruwa." Ya dubi Liman. "Da na ga kwanon ya ragu, ga sawun rago, sai gabana ya faɗi. Da likita ya ce guba, na gane."

"Kun gane, Alhaji," in ji Liman, muryarsa ƙasa-ƙasa, "kuna zaune a kujerar nan aka shiga ɗakin baiwar Allah aka ɗaga katifarta."

"Kullum ina cewa gobe zan faɗa."

Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni haushi a duk labarin, don na san da gaske yake. Ba mugu ba ne. Ya auna mutuncin mace da dariyar da za a yi masa a ƙofar masallaci, dariyar ta fi masa nauyi.

Sai ya yi abin da ba a zata ba. Ya saki sandar ta faɗi, ya zame daga kujera zai durƙusa a gaban Safiyatu. Gwiwar ta yi ƙara, fuskarsa ta yamutse, Zailani ya zabura zai tare shi.

"Ku tashi, Alhaji," in ji Safiyatu. Ba ta ɗaga murya ba. "Gwiwarku ba ta yi mini komai ba. Bakinku ne ya yi shiru." Ta sauke tiren ta miƙa masa. "Ku ci. A gabansu."

Ya ɗauka, ya ci. Liman ya ɗauka, mai unguwa ya ɗauka yana kallon ƙasa. Wasu suka ɗauka, wasu suka tuna suna da uzuri a gida.

*

Bayan mako biyu Labbo ya biyo ta Titirou da sassafe. An yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi, irin wadda yake so. Ya tsaya nesa da ƙofar Safiyatu yana karanta titi.

Hanyar da ƙafafu suka koya ba ta goge ba. Sawun mata da na yara na tahowa tiryan-tiryan, idan sun kusa kaskon sai su lanƙwasa su kewaye, su koma hanya a gaba. An wanke ta a gaban kowa, amma har yanzu akwai masu cewa ai dai ta faɗa da bakinta. Tiren nata rabi yake ƙarewa.

A tsakiyar wurin da kowa ke kewayewa, sawu ɗaya ne ya ratsa kai tsaye daga ƙofar Alhaji zuwa bakin kaskon: takalmi biyu masu jan ƙafa, da ƙaramin tabon roba a gefensu. Akwai na yau, akwai na jiya a ƙarƙashinsa, akwai wanda ruwa ya kusa shafewa.

"Kullum yake zuwa?" Labbo ya tambaye ta.

"Kullum, Baba. Ya saya ya tsaya nan ya cinye, sai kowa ya gani."

"Kin yafe masa?"

Safiyatu ta juya awara a cikin mai.

"Ina dai sayar masa," ta ce.